Tocila da Daren Mutanen Wanke

Wanda duk ya taɓa kwana a Wanke, ko a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kewaye da ita a kan hanyar da ta fita daga Gusau ta nufi Magami da Ɗansadau, a daren ashirin da tara ga wata, sa'ad da damina ta yi tsakiya, dawa da masara suka rufe hanyoyin gari har mutum ba ya hango dangar maƙwabcinsa, ya san akwai wani irin duhu wanda mutanen birni suka daɗe da mance kamanninsa. Duhu ne wanda in ka ɗaga tafin hannunka ba ka ganinsa, ga kukan kwaɗi ya cika fadama, ga ƙasa ta jiƙe, kunama da kububuwa sun fito neman abinci kamar yadda kowace halitta ke neman nata. A cikin irin wannan dare ladan yake fita tun kafin alfijir ya keto, unguwarzoma take amsa kiran gidan da naƙuda ta kama, mai shayi yake ƙirga canjinsa, uwa take tashi ta duba abin da ya sa jaririnta kuka. Ko wane ɗaya daga cikinsu, in ka lura da hannunsa, za ka tarar yana riƙe da abu guda, wato tocila. Wutar lantarki kuwa, wadda har gobe jama'a ke kira NEPA ko da yake sunan ya daɗe da shuɗewa, kuma kamfanin Kaduna ne yake rarraba ta a Zamfara, baƙuwa ce a irin waɗannan wurare, in ta zo a yi mata maraba, in ta tafi ba a tambayar ranar dawowarta.

Kakanninmu da aci-bal-bal suka yi zamaninsu, ɗan kasko da man gyaɗa ko man kaɗanya da lagwanin auduga, almajirai kuma suna karatun allo a gefen wutar kirare. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau, kantunan Turawa masu sayen gyaɗa da auduga suka kafu, sai fitilar ƙwai da kananzir suka shiga gidaje, daga bayansu kuma tocilar ƙarfe mai cin manyan batura biyu ko uku ta biyo. Dattawan da suka yi samartaka a wancan zamani za su gaya maka cewa saurayin da ya tafi zance da tocila mai batir uku a hamata, ya ɗan haska ƙofar gida sau ɗaya ya kashe, ya riga ya faɗi rabin maganarsa tun bai buɗe baki ba. Asalin abin kuwa daga Amurka ne, inda wani Baturen Ingila mai suna David Misell ya sami takardar mallakar ƙirarsa a 1899, ya miƙa ta ga kamfanin Conrad Hubert, wanda daga baya ya shahara da sunan Eveready. Baturan farko raunana ne ƙwarai, ba su iya riƙe haske sai na ɗan lokaci, dole a kashe a bar su su huta, shi ya sa Amurkawa suka laƙaba mata suna mai ma'anar walƙiya. Mu kuwa daga bakin Ingilishi muka ari namu sunan, muka lanƙwasa shi yadda harshenmu ya so.

Abin da ya raba tocilar yau da ta jiya shi ne ƙwanta. Tsohon ƙwai zare ne siriri na ƙarfe a cikin gilashi, wanda wuta ke gasawa har ya yi ja ya ba da haske, mafi yawan ƙarfin batir kuwa a zafi yake salwanta, in kuma tocilar ta faɗi sai zaren ya tsinke. Sabon ƙwai, wanda ake kira LED, ba shi da zare ko kaɗan. Wasu masana uku 'yan ƙasar Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su ne suka gano hanyar fitar da shuɗin haske daga irin wannan ƙwai a farkon shekarun 1990, aka shafa masa wani sinadari mai ruwan ɗorawa ya koma fari, aka kuma ba su lambar girma ta Nobel a 2014 saboda wannan aiki. Albarkacin bincikensu ne ɗan ƙwai wanda bai kai ƙwayar gero biyu ba yake ba da hasken da ya ninka na tsohuwar tocila sau da yawa, alhali kuwa abin da yake ci na batir kaɗan ne. To, amma ni'imar ta zo da tata fitina, domin tun da haske ya yi araha, sai masu ƙira da masu sayarwa suka mayar da yawan haske shi ne abin alfahari, mai saye kuma ya ɗauka cewa tocilar da ta fi kashe ido ita ce ta fi nagarta.

A nan ne nake ganin yawancinmu muke kuskure. Ana auna yawan hasken da fitila ke fitarwa da wani ma'auni da ake ce wa lumen. Kyandir guda yana ba da kimanin 12, fitilar wayar hannu kuwa 'yan gomomi ne. Don mutum ya ga inda zai sa ƙafarsa daga ɗaki zuwa bayan gida, ko daga gida zuwa masallaci, lumen 20 zuwa 50 sun wadatar. Don ya duba garke, ko ya leƙa bayan rumbu, ko ya bi kwalbatin ruwa a gonar rani, 100 zuwa 300 sun isa har da saura. Abin da ya haura 1000 kuwa na mai neman ɓataccen sa ne a cikin daji, ko mai gadin babban fili, shi ma na 'yan daƙiƙoƙi. Hisabin mai sauƙi ne ga wanda ya natsu: batir mai kyau wanda zai riƙe lumen 100 kusan sa'o'i goma, in aka tilasta masa ya ba da 1000 bai fi ya yi sa'a guda ba, kafin nan ma kan tocilar ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ita da kanta ta rage hasken don kada ta ƙone. Saboda haka in ka ga kwali an rubuta masa lumen 100,000 a jikin 'yar tocilar da ba ta fi tsawon ɗan yatsa biyu ba, ka sani tawada ce kawai aka ɓata, ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Kamfanonin da ke tsoron zubewar mutuncinsu suna bin wata ƙa'idar awo da aka shimfiɗa a Amurka a 2009, ana rubuta ta FL1 a jikin kwali, kuma sanin ma'anarta yana da fa'ida ko ga wanda ba zai taɓa sayen mai tsada ba. Bisa ga wannan ƙa'ida, in an ce tocila tana kai mita 200, ana nufin a can ƙarshen hasken bai fi na farin wata daren sha huɗu ba, wanda zai nuna maka akwai abu amma ba zai gaya maka ko kare ne ko ɗan akuya ba. In an ce tana yin sa'o'i takwas, ana ƙirgawa ne har lokacin da hasken ya ragu ya koma kashi ɗaya cikin goma na farkonsa. Wato ko mai gaskiyar ma sai ka rage wani abu daga zancensa, balle wanda bai yi alkawarin gaskiya ba.

Ni kaina na sha wannan darasi, kuma da kuɗina na saye shi. Wata ranar kasuwa na tsaya gaban wani mai tebur, ya ɗauko mini wata baƙar tocila mai sheƙi, ya kunna ta da rana tsaka ya dalle mini ido har na ga taurari, ya ce, "Malam, wagga ita ta hi duka, in ka tsaya nan tana haska har Bunguɗu." Na ce, "Batirin fa?" Ya ce, "Na ƙwarai na, sai ka gaji da shi." Na kwance gindinta na ga batir ja an rubuta masa 9900 mAh, na biya ina murna na yi tsintuwa. Daren farko ta yi abin kirki na kimanin rabin sa'a, daga nan ta fara lumshewa kamar mai jin barci, kafin sati uku ko an kwana ana cajinta ba ta kai ni masallaci ta dawo da ni. Da na kai wa wani yaro mai gyaran waya, sai ya ɗora batirin a tafin hannunsa ya jinjina, ya yi dariya, ya ce, "Baba, wannan ai fanko ne." Ya nuna mini wani da ya ciro daga tsohuwar kwamfuta, girmansu ɗaya, amma nauyinsu kamar na dutse da na ɓawon gyaɗa.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, irin wannan batir da ake kira 18650, wanda sunansa ma awonsa ne, kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65, na gaskiyarsa yana da nauyin giram 45 ko fiye kaɗan, kuma manyan kamfanonin duniya irin su Panasonic da Samsung da LG ba su iya cusa masa abin da ya wuce kimanin 3500 mAh ba. Duk wanda ya rubuta 6000 ko 9900 a jikinsa ya yi abin da malaman fiƙihu ke kira algus, wato ɓoye aibin haja da ƙawata zahirinta, kuma littattafan mazhabar Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, tun daga Risala har Muhtasar, sun ba mai saye haƙƙin mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Sai dai sau da yawa shi mai teburin ma bai san abin da ke ciki ba, a kwali ya saro daga Kano ko Legas, wanda ya saro wa kuma daga wani ya karɓa. Don haka abin da ya fi shi ne a yi sharaɗi tun a wurin ciniki, a ce za a gwada kwana biyu, kuma a sayi kaya a wurin wanda gobe za a same shi a inda aka bar shi.

Batir dai shi ne ran tocila, kuma iri uku ne ke yawo a kasuwanninmu. Akwai busasshen batir na zubarwa, irin Tiger Head da ake ƙerawa a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wanda kusan babu kantin ƙauyen da ba a samunsa, kuma falalarsa ke nan: ba ya bukatar wuta, in ya mutu ka sayi wani ko a ina kake. Aibinsa shi ne kuɗin da yake ci a hankali kamar gara, da kuma ruwan da yake zubarwa in ya tsufa a ciki, ya cinye ƙarfen tocilar ya bar wani farin gari kamar kanwa. Akwai kuma tocilar roba mai 'yan ƙafafu biyu da ake turawa a soket, wadda galibi ƙaramin batirin dalma ne a cikinta, ɗan'uwan na mota. Ita wannan ba ta son a bar ta ta mutu ƙurmus ta kwana biyu a haka, alhali a garin da wuta ke yin sati ba ta zo ba hakan ne kullum yake faruwa da ita, shi ya sa ba ta cika shekara. Na uku shi ne na litiyam, irin na wayar hannu, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, ga sauƙin nauyi ga ɗaukar caji ɗaruruwan lokuta, kuma in tocilar tana da kafar caji irin ta waya, to duk inda mai cajin waya yake da janareta ko faifan sola, nan ma an sami wurin ciyar da ita. A ra'ayina, ga mutumin Wanke ko Mada ko Wonaka, wannan ta uku ita ce ta fi dacewa, da sharaɗin batirinta ya zama wanda ake iya cirewa a sauya, domin tocilar da aka manne batirinta a ciki, ranar da ya mutu ranar za a yi jana'izarsu tare.

A kan batirin dalma akwai wata magana da bai kamata Bazamfare ya ji ta da kunnen wasa ba. A 2010 gubar dalma da ta fito daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta hallaka yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a garuruwa irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Dalmar da ke cikin mataccen batirin tocila ita ce dai waccan dalmar, ko da yake kaɗan ce, kuma na sha ganin yara sun fasa irin wannan batir suna wasa da abin da ke ciki. A kai shi wurin masu sayen gwangwan, kada a jefa shi a juji ko a bar shi a tsakar gida.

Turawa suna da wata al'ada ta fita daji su kafa tanti su kwana don nishaɗi, kuma yawancin tocilolin da ake yi wa talla dominsu aka ƙera su. Mu kwanan dajinmu na larura ne: manomin da ya tare a bukkar gona lokacin girbi, mai noman rani da ke ban-ruwa da dare, makiyayi a mashekari, direban da motarsa ta lalace tsakanin Tsafe da Funtuwa, matasa masu yi wa ƙasa hidima waɗanda aka gina wa sansani a Tsafe, har da alhajin da zai kwana a filin Muzdalifa yana tsintar tsakuwar jifa. Wanda hannayensa biyu ke aiki, fitilar goshi ta fi masa, irin wadda maharba suka daɗe da sanin amfaninta. Sai dai tana da illa biyu da mai talla ba zai faɗa ba. Da damina duk ƙwaron da ke cikin daji fuskarka zai nufo, shinge da sauro da sauransu. Sa'an nan kuma, da yake hasken yana fitowa daga kusa da ido, inuwar abubuwa tana ɓuya a bayansu, ƙasa ta zama kamar shimfiɗaɗɗiyar tabarma, rami da tudu su yi kama da juna. Tocilar da aka riƙe ƙasa-ƙasa wajen cinya ita ce ke fitar da inuwar kowane dutse da kowane abu mai jan ciki, haka kuma in hunturu ya zo, ƙura ta cika iska, riƙe ta ƙasa yana hana hasken dawowa ya rufe maka ido. Don zaman bukka ko tanti kuwa, fitilar sola mai baza haske ko'ina, irin ta Sun King ko d.light, ta fi kowace tocila, a shanya ta da rana tare da barkono, da dare ta biya bashi.

Maganar ruwa gajeriya ce. In an rubuta IPX4, tana jure yayyafi da fantsama. In an rubuta IPX7, ko ta faɗa ruwa mai zurfin mita ɗaya ta yi rabin sa'a za ta fito da ranta. In ba a rubuta kome ba, kwance gindinta ka duba ko akwai ɗan zoben roba a bakin zaren murfin, domin shi ne mai tsaron ƙofa, ga ruwa ga ƙura. Ka kuma latsa makunnin sau ashirin a gaban mai kaya, ka girgiza ta tana kunne, in hasken ya yi rawa ka ajiye masa abinsa, domin yawancin tociloli ta makunni suke mutuwa tun ƙwai da batir suna da sauran kwana.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa amma ba shi ɓoyuwa. Shekarun nan dare a ƙasar Zamfara ya zama abin da Hausawa suka daɗe suna kiransa, rigar mugu, kuma mutanen Wanke da na Tsafe da na ƙauyukan Bunguɗu sun ɗanɗani ɗacin 'yan bindiga fiye da yadda alƙalami zai iya bayyanawa. A irin wannan hali haske yana nuna maka hanya, yana kuma nuna wa wani inda kake, kuma ana hango tocila daga nesan da ya ninka inda haskenta ke kaiwa sau da yawa. Wannan ne babban dalilin da ya sa nake fifita tocila mai matakai, wadda in an kunna ta take farawa da ƙaramin haske, a kan wadda ke farawa da mafi ƙarfi sa'an nan ta bi ta kan wani haske mai ƙyaftawa kamar na motar asibiti kafin ta yarda ta mutu. Idon ɗan Adam yana bukatar kusan rabin sa'a kafin ya saba da duhu sosai, farin haske mai ƙarfi kuwa cikin daƙiƙa ɗaya yake rushe wannan sabo, ya bar mutum makaho a daidai lokacin da ya fi bukatar gani. Ja ko rarraunan haske ba ya yin wannan ɓarna, shi ya sa wasu tocilolin ke da ɗan jan ƙwai a gefe. Ladabi ma ya hana a dalle fuskar mutum, balle babba. Ana haska ƙasa ne a yi sallama, murya ta gabatar da mai ita. A yau kuwa wanda ya dalle 'yan sintiri ko askarawa a bakin gari yana iya jawo wa kansa abin da ya fi faɗa.

Wani zai ce, ai wayata tana da fitila. Haka ne, kuma ta isa neman takalmi a ƙofar masallaci. Amma wayar ita ce za ka kira ɗan'uwa da ita in wani abu ya faru, bai kamata a ƙarar da cajinta wajen hasken da wani abu mai araha zai iya bayarwa ba, kuma haskenta bazuwa yake yi ba ya tafiya nesa.

Malamai sun daɗe suna horon a kashe fitila kafin a kwanta, saboda ɓera yana iya jan lagwani ya ƙone gida da mutanensa. Lagwani ya tafi, amma horon bai tsufa ba, domin batirin litiyam, musamman na jabu, in aka bar shi a kan caji a kan katifa, ko aka ajiye shi a rana a gaban mota cikin zafin bazara, yana iya kumbura ya kama da wuta. A yi cajinsa a kan ƙasa ko siminti, ido yana kai, in ya cika a cire, in ya kumbura ko fatarsa ta yage a rabu da shi, kada kuma a zuba shi tsirara a aljihu tare da makullai da tsabar kuɗi.

Tawa ta yanzu 'yar gajeruwa ce ta alminiyam, fentinta duk ya goge, batirinta shi ne wanda yaron nan mai gyaran waya ya ciro mini daga tsohuwar kwamfuta. Na ɗaura mata igiyar fata, na kafa mata ƙusa a jikin bango daidai inda hannuna na dama ke kaiwa in ina kwance, mutanen gida duka sun san ba a ɗaukarta sai an mayar. Ranar Juma'a nake kai ta caji tare da waya, ko ta nuna yunwa ko ba ta nuna ba.